Sabunta jikin jitar bes ɗin Kawu a saman bene a Jidda

Juma'a, 8 ga Nuwamba 2024

Yau na kwance jitar. Na cire wuya, jaki (ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindi), fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya), maɓallan murɗa sauti da faifan robar gaba. Kowane sukuru na jefa shi a kofin shayi na takarda, na rubuta inda ya fito a jikin kofin. Kafin in taɓa wayoyi na ɗauke su hoto, musamman siririyar nan da ke bi ta rami ta fito ƙarƙashin jaki. Ita ke kashe ƙugin lantarki, in aka manta da ita wajen mayarwa jita ba ta daina gurnani.

Jitar ta Kawu ce. Da ita ya yi shekaru yana kiɗan biki tsakanin Jidda da Makka, a bayan mawaƙanmu da na 'yan Sudan. Sunan da ke kanta ya goge, amma kwaikwayon Precision ce, samfurin da Leo Fender ya fara fitarwa a 1951: tsirkiya huɗu, tsawon tsirkiya inci 34. Da rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya kai ga tsohuwar unguwarmu, kaya suka watsu gidajen dangi, ita kuma ta faɗa wani ɗakin ajiya na ƙasa a kudancin gari. A can ruwan 24 ga Nuwamba 2022 ya same ta a jingine, ruwan da ya kai milimita 179 cikin awa shida. Gindinta ya sha ruwa, baƙin fentin ya tsage ya ɗaga. Wuyan dai Allah ya tsare, bai karkace ba.

Na ce, "Kawu, in na kankare baƙin nan ba zan mayar da shi ba. Rini zan sa mata ruwan zuma, katakon ya fito."

Ya ce, "In katakon na nunawa ne, ɗana. Masu shafa baƙin fenti sun san abin da suke rufewa."

Buri shi ne ta yi sauti a bikin 'yar yayata, wanda aka sa kafin azumi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Sayayya. Samfefa mai lamba 120, 180, 220 da 320, riyal 24. Makankari, salatif na takarda da safar hannu, 31. Maganin cire fenti, 28. Takunkumi mai matatar sinadari, 95. Shi ya fi komai tsada yau, kuma ban yi ciniki a kansa ba, don takunkumin ƙyalle ƙura kawai yake tarewa, ba ya tare tururin tinar, ruwan tsinka fenti.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Maganin cire fenti bai yi komai ba. Na shafa shi da kauri, na rufe da leda, na bar shi daga bayan sallar Juma'a har la'asar. Da na buɗe, ƙyallin saman ne kawai ya dushe. Makankari yana zamewa a kai.

Na kai jikin wajen wani dattijo kafinta da ke da warsha kusa da mu, Bahaushe ɗan Mai Wurno ta Sudan da nake kira Baba, ya daɗe yana aikin feshin ƙofofi da kabad a garin nan. Ya ƙwanƙwasa da farce, ya ɗiga tinar a gefe ya goge, tsumman ya fito fes.

"Wannan foliyesta ne, yaro. Da lakar ne da tuni ya narke ya bi tsumma. Wannan sai wuta."

Bayaninsa ya zauna mini. Lakar shafin ƙyalli ne da ake fesa wa katako, kuma irin na naitoro bushewa kawai yake yi, tinar ɗin cikinsa ya tashi ya bar shi, don haka ko bayan shekaru tinar na sake narkar da shi. Foliyesta kuwa haɗa shi ake yi da sinadarin da ke daskarar da shi, in ya kama ya zama wani abu daban, ba ya komawa ruwa. Masana'antar Fender ma da naitoro ta fara, wanda asalinsa fentin mota ne, sai a ƙarshen shekarun 1960 ta koma irin wannan mai tauri. Kusan duk jita mai araha yau shi ne a jikinta.

Baba ya ara mini bindigar hura zafi. Ya ce kada in tsaya wuri ɗaya, in riƙa yawo da ita, da zarar fentin ya fara ƙara yana tsagewa in sa makankari a kwance. Ya kuma sa na goge kusurwoyin makankarin da samfefa don kada su yi wa katakon rami.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Kankara bayan isha'i, a saman bene. Gaba da baya sun fita. Lungunan ƙahonnin jikin, biyun nan da ke gefen wuya, su ne suka rage, can sai samfefa a naɗe a jikin guntun tiyo.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Katakon ya bayyana, kuma na daɗe zaune ina kallonsa. Ash ne, ba shakka: fari mai ɗan rawaya, da manyan jijiyoyi masu lanƙwasa, da ƙofofi buɗaɗɗu da ake ji da yatsa. Shi ne katakon da Fender ta yi amfani da shi a farko, kafin ta koma alda a 1956, ta bar ash ga fentin da ake ganin katako ta cikinsa. Don haka sa'a ce babba.

Amma maganar Kawu ma ta tabbata. Gida uku aka haɗa da gam, kuma na ƙasan ya fi sauran biyun haske sosai, jijiyarsa a miƙe take. Sannan a gindi, kewayen ramin maɓallin maɗauri, akwai baƙin tabo mai faɗin tafin hannu. Sukurun wurin ya yi tsatsa a ruwan nan, ƙarfen ya shiga katakon ya baƙanta shi. Na goge da 120, tabon bai motsa ba, ya nutse ciki.

Wuraren da suka loɓa na ɗaga su da tururi: jiƙaƙƙen tsumma a kai, bakin dutsen guga a saman tsumman. Inda katakon ya danne ne kawai ya kumburo ya dawo daidai. Guda ɗaya a baya, inda ƙarfen bel ya yanke jijiyar, bai taso ba. Zan bar shi, aikin shekarun Kawu ne.

Talata, 26 ga Nuwamba

Garin oksalik, sinadarin cire tabon tsatsa a katako, riyal 20. Na narka shi a ruwan ɗumi na shafe jikin gaba ɗaya, ba tabon kaɗai ba, don kada wurin ya fi sauran haske. Ya kwana ya bushe, na sake, sannan na wanke da ruwa mai ɗan bekin soda, na ɗauraye. Baƙin ya koma inuwa mai ruwan toka da sai an nuna wa mutum. Wanda zai yi wannan ya sa takunkumi wajen gugar da ke biyo baya, ƙurar tana shaƙe maƙogwaro.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Guga da katakon riƙo, 180 sannan 220, kullum bin jijiya. Na jiƙa jikin da tsumma don gashin katakon ya miƙe, ya bushe, na share shi da 320. Rinin da na samo na ruwa ne, in ba a yi haka ba shi zai tayar da gashin bayan kala ta riga ta hau. Rini ruwan zuma da ruwan ƙasa, riyal 45.

Juma'a, 6 ga Disamba

Na fara gwada kalar a inda faifan roba zai rufe, ta yi kyau, sai na shafe gaban duka. Yana bushewa sai ga dabbare-dabbare: wasu wurare sun sha, wasu sun ƙi sam, fari tas, musamman kusa da jaki da gefen da hannu ke kwanciya. Layin gam ɗin da ya haɗa katakan ma ya fito siriri fari.

Dalilin shi ne ƙarƙashin baƙin fentin akwai wani shafi marar kala da masana'anta suka fara yi, ya shige cikin katakon. A bushe ido ba ya rarrabe shi da katako. Rini kuwa ba ya kama komai sai katako tsirara. Baba ya nuna mini yadda ake gano shi tun kafin rini: a shafa tinar a duba ta gefen haske, inda katako yake tsirara zai yi duhu nan take, inda shafin ya rage zai tsaya da haskensa yana ƙyalli.

Na koma 120. Yinin ya tafi a guga da shafa tinar da zagaye wuraren da fensir. Gefuna na bi su a hankali, don ash jijiyarsa mai laushi tana cinyewa kafin mai taurin, in aka matsa da yatsa ba katakon riƙo sai saman ya yi tudu da kwari.

Juma'a, 13 ga Disamba

Kala ta zauna. Na tsinka rinin da ruwa sosai na riƙa hawa a hankali, maimakon shafi ɗaya mai kauri. Katakon ƙasa mai hasken na ƙara masa hannu har ya kusa kamo 'yan'uwansa. Gefunan da jijiya ta yanke, wato gindi da cikin ƙahonni, suna zuƙar rini fiye da ko'ina, sai na fara jiƙa su da ruwa zalla don kada su yi baƙi. Kewayen jikin na ɗan duhunta da ruwan ƙasa, wanda ya haɗiye ragowar tabon gindin. Layin gam na bi shi da siririn buroshi.

Kawu ya hau benen da kansa, da sandarsa. Na shafa tinar a gaban don ya ga yadda za ta kasance in lakar ya hau. Ya juya ta, ya sake juyawa.

"Ashe haka take a ciki. Shekara nawa ina rungume da ita ban sani ba."

"Kawu, layin haɗin fa zai riƙa nunawa."

"Bar shi ya nuna. Wa ya ce maka itace ɗaya ce?"

Sayayyar feshi: bindigar feshi ta lantarki, ta hannu, daga Harajin Sawarik, riyal 120. Sila, wato shafin share fage kafin lakar, da lakar na naitoro da galan ɗin tinar, 115. Ma'ajun na cike ƙofofin katako, 40. Leda da sanduna na rumfa, 30.

Talata, 17 ga Disamba

Feshin sila ɗaya siriri don ya kulle rinin, sannan ma'ajun da na rina ruwan ƙasa mai duhu. Ana cusa shi a gicciye da tsohon katin roba, a kwashe rarar kafin ya ƙame. Ash dole ne a cike shi, in ba haka ba lakar zai yi ta nutsewa cikin ƙofofin komai yawan feshi. Duhun ya zauna cikin jijiyoyin, zanen ya fito fili.

Juma'a, 20 ga Disamba

Na kafa rumfar leda a kusurwar bene, nesa da injinan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da igiyoyin shanya. Na yi magana da haris, mai gadin gidan, da maƙwabtan sama tukuna, don warin yana da ƙarfi kuma tururin naitoro yana kama wuta da ɗan tartsatsi. Babu taba, babu garwashin shayi a saman nan ranar feshi. Na ɗaura sanda a mazaunin wuya don riƙo da ratayewa, na rufe mazaunin da ramukan wayoyi da salatif. Sila ya hau, na goge da 320.

Asabar, 21 ga Disamba

Na hau bayan asuba, da tunanin iska a kwance take, ƙura ba ta tashi ba. Lakar da tinar rabi da rabi. Feshin farko ya kwanta lafiya yana ƙyalli. Ban sauke bindigar ba sai na ga gefen ƙahon sama ya fara dushewa, kafin minti biyar gaban gaba ɗaya ya yi fari-fari, kamar an shafa mata koko ya bushe. Zanen da na yi makonni ina nema ya shige ƙarƙashin hazo. Gabana ya faɗi, don na ɗauka sai an sake kankarewa daga tushe.

Na sauka da hoto a waya zuwa warsha. Baba ya duba, ko a jikinsa.

"Ƙarfe nawa ka fesa?"

"Bayan asuba, Baba."

"A Jidda? Ruɗuba ce ta kama ka. Je ka taɓa gilashin motar da ta kwana a waje ka gani."

Abin da ke faruwa shi ne tinar yana tashi da sauri, tashinsa yana sanyaya saman lakar ɗin, danshin da ke cikin iska sai ya zama raɓa a kai, lakar ya rufe da ruwan a cikinsa. Mu kuma a bakin Bahar Maliya muke, danshi ya fi yawa da dare da sassafe, sai rana ta ɗaga yake sauka. Kwana biyun nan kuma azyab ke kaɗawa, iskar kudu mai ɗumi da laima. Yawancin bayanan da ake samu a intanet mutanen Amurka da Turai ne suka rubuta su, damuwarsu sanyi. Mu tamu damuwar ruwan da ke cikin iska ne, kuma shi ke tsara ranar aiki, ba hutun mako ba.

Baba ya tsiyaya mini ritada a kwalbar ruwa, sinadarin da ke jinkirta bushewa. Ya ce in jira tsakar rana, in zuba kaɗan a tinar in yi feshi siriri a kan farin, lakar zai sake narkewa ruwan ya samu hanyar fita. Ya ja kunnena kada in wuce kima, in ya yi yawa lakar ya daɗe bai yi tauri ba. Bai karɓi ko halala ba.

Bayan azahar na yi yadda ya ce. Ina tsaye farin ya riƙa janyewa daga tsakiya zuwa gefe, jijiyoyin suka dawo. Wannan halin naitoro ne ya sa na zaɓe shi duk da wahalarsa: kowane sabon feshi yana narkewa cikin na ƙasansa su zama abu ɗaya, don haka kusan duk ɓarnar da ta faru tana gyaruwa.

Na sayi ɗan agogon auna danshi, riyal 25. Dokata daga yau: in ya haura 65 cikin ɗari, ba feshi.

Juma'a, 27 ga Disamba

Iskar arewa ta dawo, agogo ya nuna 48 da azahar. Feshi uku, awa guda tsakani.

Asabar, 28 ga Disamba

Uku kuma. Wani ɗan ƙwaro ya faɗa a bayan, kuma lakar ya ɗan zubo a cikin ƙahon ƙasa. Ban taɓa su a jiƙe ba. In sun bushe reza za ta share su.

Juma'a, 3 ga Janairu 2025

Na kankare zubin da reza mai salatif a gefe biyu, na daidaita jikin da 400. Feshin ƙarshe na ƙara masa tinar don ya kwanta sumul. Ƙarin tinar da samfefa, riyal 35. Ba na son kauri irin na da, iya abin da zai ɗauki guga ba tare da an huda zuwa rini ba ya isa. Yanzu sai jira, mako huɗu.

Litinin, 6 ga Janairu

Ruwan sama mai ƙarfi a gari. Tun da hadari ya haɗu maman yara ta kira ni a wajen aiki, ta sauko da jitar da kanta ta rataye a ɗakin ajiya mai taga. Rumfar leda ta tafi.

Juma'a, 17 ga Janairu

Na danna farce a inda faifan roba zai rufe, ya bar alama. Wari ma yana nan in an kai hanci. Ba ta yi ba. Lakar ya ɗan nutse a wasu jijiyoyi na baya yayin da yake tsukewa, na ɗiga masa lakar marar tsinki da tsinken sakace. Na yi amfani da jiran na shimfiɗa salatif na tagulla a ramukan wayoyi don rage ƙugi, riyal 30.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Farce bai kama ba. Gugar ruwa: 800, 1000, 1500, 2000, riyal 36. Kafin in fara na toshe kowane ramin sukuru da kakin kyandir, don in ruwa ya shiga katakon ya kumbura sai lakar ɗin kewayen ya tsage. Samfefar na jiƙa ta tun dare a ruwa mai ɗigon sabulu, na naɗa ta a kan abin goge fensir. Da 800 ake yin ainihin aikin: a goga, a share, a duba. Duk inda ɗigon ƙyalli ya rage kwari ne, sai saman ya dushe bai ɗaya ake wucewa gaba. Ina lura da kalar ruwan da ke fita. Muddin fari ne lakar nake ci, in ya fara rawaya an kai ga rini. Kaifin gefuna ban kai musu 800 ba sam, can lakar ya fi siranta.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Man goge fentin mota, mai kaushi da mai laushi, riyal 55, da tsohuwar singileti ta auduga. Da hannu na yi, inji yana ɗumama naitoro ya ƙone shi a gefe. Ƙyallin ya fito mai zurfi, kuma kalar tana sauyawa in an karkata jikin: katakon tsakiya ya yi duhu, na ƙasa ya yi haske, a juya su musanya. Hoto ba ya kama wannan.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Haɗawa. Wuyan ya ƙi shiga mazauninsa saboda lakar da ya taru a baki, na kankare shi da reza maimakon in tura da ƙarfi, don nan ne fenti ya fi saurin ɓallewa. Bakin kowane ramin sukuru na share shi kafin ɗauri. Wayar ƙarƙashin jaki ta koma wurinta. Sabbin tsirkiyoyi, riyal 110. Na sa tsayin babbar tsirkiya milimita 2.4 a kan ƙarfe na 17 cikin ƙarafan da ke jere a wuya, ƙaramar milimita 2, na daidaita jakin da sautin ƙarfe na 12.

Ta yi magana, kuma ƙugin ya ragu sosai. Sai dai maɓallin ƙara sauti yana ƙarar yashi in an murɗa, ruwan nan ya taɓa shi, zan canja shi da sabo mai lamba 250k kamar na asali. Jimillar kuɗi zuwa yau riyal 839, ban da aron Baba.

Abin da ya rage kafin biki: maɓallin, naɗe robar mazaunin jita da ƙyallen auduga don roba tana cin naitoro ta bar tabo, da neman akwati mai kauri. Ranar bikin ba za ta zauna a but ɗin mota ba, kuma in an shiga da ita zaure mai mukayyif sai ta huce a cikin akwatin kafin a buɗe, don sauyin zafi da sanyi farat ɗaya yana tsattsaga lakar. Bindigar hura zafi zan mayar wa Baba gobe bayan la'asar, tare da jitar, ya ce yana son ya duba gefunan da idonsa.